Me Ya Sa Turawan Ingila Suka Fi Shan Gahawa Mai Narkewa?

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa sauka a gidan Bature a Ingila, ko ya yi aiki a ofisoshinsu, ya san tambayar da ake fara yi wa baƙo: shayi ko gahawa? In ya ce gahawa, da wuya ya ji ƙarar injin niƙa, da wuya kuma ya ga an ɗora tukunya a wuta. Maigidan zai kunna butar lantarki, ya buɗe wata kwalba, ya ɗebi gari cokali ɗaya ya zuba a kofi, ya kwarara tafasasshen ruwa, ya ƙara madara, ya miƙo. Duka aikin ba ya kai minti 2. Mutumin Italiya ko na Habasha in ya ga haka sai ya riƙe baki, don a wurinsa wannan ba gahawa ba ce. Amma ƙungiyar masu sana'ar gahawa ta Biritaniya ta ƙiyasta cewa ana shan wajen kofi miliyan 98 na gahawa kowace rana a ƙasar, kuma kimanin gida 8 cikin 10 suna sayen irin wannan ta kwalba domin sha a gida.

Amsar da aka saba bayarwa ita ce wai Turawan Ingila ba su san daɗin abinci ba. Wannan ba'a ce tsakanin maƙwabta, irin ta Katsinawa da Gobirawa, ba bayani ba ne. Abin da wannan takarda za ta nuna shi ne, gahawa mai narkewa ta samu karɓuwa a Biritaniya ne saboda ta tarar da gidan da aka riga aka shirya domin shayi, ta shiga ta zauna ba tare da ta nemi a sauya komai ba.

Kafin mu ci gaba, ya kamata ɗalibi ya lura da kalmomi. Abin shan nan yana da suna uku a bakin Hausawa. A Nijar an fi cewa kafe, daga Faransanci. A Nijeriya an fi cewa kofi, daga Ingilishi. Akwai kuma gahawa, wadda ta zo daga Larabci, kuma ta girmi sauran biyun. Da yake kalmar kofi tana kuma nufin mazubin da ake sha da shi, a nan za mu bar mata wannan ma'ana ta mazubi, mu riƙa kiran abin shan gahawa. Wadda ake tace niƙaƙƙen ƙwayarta da ruwan zafi nan take za mu kira ta gahawar dahuwa. Wadda garinta ke narkewa gaba ɗaya a ruwa kuwa ita ce gahawa mai narkewa, wato wadda a kan titi kowa ke ce wa neskafe, ko da wane kamfani ne ya yi ta.

Me ke cikin kwalbar?

Mutane da yawa suna zaton garin cikin kwalbar niƙaƙƙen ƙwayar gahawa ne. Ba haka ba ne. Niƙaƙƙen ƙwaya ba ya narkewa, komai zafin ruwa. Dusarsa takan kwanta a ƙasan kofi. Abin da ke cikin kwalbar gahawa ce da aka riga aka dafa a masana'anta, sannan aka busar da ita. Ana soya ƙwayar, a niƙa, a ratsa ruwa mai tsananin zafi ta cikinta a manyan tukwanen ƙarfe har a samu ruwan gahawa mai kauri. Daga nan hanya biyu ce. Ta farko, a fesa ruwan daga saman wata doguwar hasumiya cikin iska mai zafi, kafin ɗigon ya iso ƙasa ya bushe ya zama gari. Ta biyu, a daskarar da shi a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri, a farfasa ƙanƙarar, a sa ta a ɗakin da aka zuƙe iskarsa, inda ruwan ke tashi ya zama tururi ba tare da ya narke ba. Ta biyun ta fi tsada, ta kuma fi riƙe ƙamshi. Ita ce mai ƙwayoyi masu kusurwa kamar tsakuwa.

Ke nan mai shan wannan gahawa yana shan abin da aka dafa tun watanni ne, shi dai ya mayar mata da ruwanta kawai. Wani ɓangare na ƙamshin yakan gudu wajen busarwa. Bugu da ƙari, masana'antu sun fi amfani da irin gahawar da ake kira robusta, wadda ta fi arha, ta fi ɗaci, kuma ta fi arabika yawan sinadarin kafeyin, wato sinadarin da ke hana barci wanda ke cikin goro ma, da kusan ninki biyu. Biyetnam ce kan gaba wajen noman robusta a duniya, ana kuma noma ta a Barazil da Indunusiya da Yuganda da Kwaddibuwa. Saboda haka masu cewa ɗanɗanon ya bambanta ba ƙarya suke yi ba. Abin tambaya shi ne me ya sa bambancin bai dami mai sha a Ingila ba.

Landan ta taɓa zama garin gahawa

Abin mamaki, Turawan Ingila sun riga yawancin Turai rungumar gahawar dahuwa. A farkon shekarun 1650 aka buɗe gidan shan gahawa a Oxford, a 1652 kuma wani mutum mai suna Pasqua Rosée, wanda ya zo daga garin Izmir na daular Usmaniyya ta Turkiyya a matsayin baran wani ɗan kasuwa, ya buɗe na farko a Landan. Kafin ƙarshen ƙarnin gidajen sun kai ɗaruruwa. Mutum ya biya kwabo ɗaya ya shiga, ya sha gahawa, ya karanta jarida, ya saurari gardama kan siyasa da ciniki. Gardamar ta yi yawa har Sarki Charles na II ya ba da umarnin rufe gidajen a Disambar 1675, amma jama'a suka yi ca, cikin ƴan kwanaki ya janye. Babbar kasuwar inshora ta Lloyd's ta samo asali ne daga gidan gahawar Edward Lloyd, inda masu jiragen ruwa ke taruwa, kasuwar hannun jari ta Landan kuwa daga gidan gahawar Jonathan ta tsiro.

To, sai dai akwai abin lura a nan. Wannan gahawa ta maza ce, ta waje ce. A majalisa ake shan ta, ba a cikin gida ba. Uwargida ba ta koyi soya ƙwaya da niƙa ta ba, ba ta kuma tanadi kayan aikin ba. Da majalisun suka ja baya a ƙarni na 18, wasu suka koma kulob na masu hali, gahawa ba ta da wurin komawa.

Yadda shayi ya ƙwace gida

Shayi kuwa ta ƙofar gida ya shigo. Ana danganta yaɗuwarsa a fada da Catherine ta Braganza, gimbiyar Fotugal da ta auri Charles na II a 1662. Daga fada ya sauko zuwa ɗakunan matan attajirai, daga can ya isa ga talaka. Yana da halaye da suka dace da gidan mai ƙaramin ƙarfi. Ba a soya shi, ba a niƙa shi. Ɗan ganye kaɗan ya ishi iyali, in ya ƙare a ƙara ruwa a kan ganyen a sake sha, kuma ko ya yi tsararo ana iya shan sa da sukari. Gahawa in ta yi tsararo ba ta shawuwa.

Siyasar ciniki ma ta goyi bayan shayi. Kamfanin Ingila na cinikin Gabashin Indiya shi kaɗai ke da izinin shigo da shayin Sin har zuwa 1834, kuma yana da baki a majalisar dokoki. Gahawa kuwa mafi yawanta tana hannun abokan hamayya: Holan tana da Jaba, Faransa tana da yankin da a yau ake kira Haiti, wanda a shekarun 1780 ke samar da kusan rabin gahawar duniya da gumin bayi. A 1784 firayim minista William Pitt ƙarami ya sauke harajin shayi daga kashi 119 cikin 100 zuwa kashi 12.5, don ya karya masu fasa-ƙwauri. Farashi ya faɗi, shayi ya zama na kowa. Daga baya Turawan suka fara noma shi a ƙasashen da suke mulka. A 1839 aka yi gwanjon shayin Assam na farko a Landan.

Akwai wuri ɗaya da ya kusa sauya labarin, wato tsibirin Silon, wanda yanzu ake kira Siri Lanka. A tsakiyar ƙarni na 19 Turawan Ingila sun mayar da tsaunukansa gonakin gahawa, har ya shiga sahun manyan masu fitar da ita a duniya. A 1869 wata cutar tsatsar ganye ta ɓulla a gonakin. Cikin shekara 20 ta gama da su. Masu gonakin da ba su tsere ba suka tuge itatuwan suka dasa shayi, kuma a 1890 Thomas Lipton, ɗan kasuwar Glasgow, ya sayi gonaki a can. Sunansa ne har yau ke kan ƴar takardar da ke reto a bakin kofin mai shayi a Yamai da Kano. Da cutar nan ba ta zo ba, mai yiwuwa da daular ta samu dalilin tallata gahawa kamar yadda ta tallata shayi.

Ita kuma ƴar gahawar da ake sayarwa a Ingila a wancan zamani ba ta da kyau. A farkon shekarun 1850 wani likita, Arthur Hill Hassall, ya duba samfurorin gahawar shagunan Landan da madubin ƙara girma, ya tarar mafi yawansu an gauraya su da shikori, wato saiwar wani tsiro da ake soyawa a niƙa, wasu ma har da gasasshen hatsi. A 1876 wani kamfani a Glasgow ya fito da Camp Coffee, baƙin ruwa mai kauri da zaƙi a cikin kwalba, wanda ake zuba cokali ɗaya a ruwan zafi ko madara. Shikorin da ke ciki ya ninka gahawar sau da yawa. Har yanzu ana sayar da shi, galibi domin yin kek. Muhimmancinsa a wannan bayani shi ne, shekara 60 kafin Nescafé, talakan Biritaniya ya riga ya saba da cewa gahawa aba ce da ake ɗebowa da cokali daga kwalba.

A wannan lokacin ne kuma maƙwabta ke ƙera kayan dahuwa na gida. A 1908 wata mata a Dresden ta Jamus, Melitta Bentz, ta ƙirƙiro matacin takarda. A 1933 Alfonso Bialetti ya fito da ƴar tukunyar sanholo mai kusurwa takwas da ke kusan kowane gida a Italiya. Kowace ƙasa ta samu na'urarta, yara suka tashi suna ganin iyayensu na amfani da ita. Na'urar gidan Ingila buta ce da tukunyar shayi.

Barazil, Suwizalan da yaƙi

Ba Turawan Ingila suka ƙirƙiro gahawa mai narkewa ba. David Strang ya yi rajistar wata hanyar yin ta a New Zealand a 1890, wani masanin kimiyya ɗan Japan, Satori Kato, ya nuna tasa a Amurka a 1901, kuma sojojin Amurka sun sha wani iri a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Amma duk ɗanɗanonsu bai gamsar ba. Wadda ta yi nasara ta fito ne daga matsalar Barazil. Bayan karyewar tattalin arzikin duniya a 1929 farashin gahawa ya faɗi ƙasa warwas, rumbunan Barazil suka cika, har gwamnati ta riƙa ƙona miliyoyin buhuna. Aka nemi kamfanin Nestlé na Suwizalan, wanda ya ƙware wajen busar da madara, ya samo hanyar adana gahawa ba tare da ta lalace ba. Wani masaninsa, Max Morgenthaler, ya shafe shekaru yana gwaji, a ranar 1 ga Afrilun 1938 aka fitar da Nescafé. A 1939 aka fara yin ta a masana'antar Hayes da ke yammacin Landan.

A shekarar ce yaƙi ya ɓarke. Daga Yulin 1940 gwamnatin Biritaniya ta ƙayyade shayi: kowane mutum kimanin giram 57 a mako, kuma ba a ɗage wannan doka ba sai a Oktoban 1952, shekara 7 bayan gama yaƙin. Gahawa ba ta shiga ƙayyadewar ba, ko da yake ba kullum ake samun ta ba. Sannan kafin a tsallaka zuwa Faransa a 1944, sojojin Amurka fiye da miliyan 1 sun yi sansani a Biritaniya, kuma gahawa mai narkewa tana cikin guzurinsu. Ga matashin Ingila da ya tashi cikin ƙarancin komai, abin da Ba'amurke ke ci da sha shi ne zamani. Ke nan mutane da dama sun fara sanin gahawa ne ta wannan gari. Ba su bar gahawar dahuwa suka koma gare shi ba, don ba su taɓa riƙe ta ba balle su sake ta.

Buta da talabijin

A ganina, babban dalili yana kan teburin kicin ne. A 1955 kamfanin Russell Hobbs ya fito da butar lantarki mai kashe kanta in ruwa ya tafasa. Wutar gidajen Biritaniya tana da ƙarfin bolt 230, kuma soket ɗinsu yana ɗaukar butar da ke jan wat 3,000. A Amurka wutar bolt 120 ce, butar da aka saba gani ba ta wuce wat 1,500. A lissafi, lita ɗaya ta ruwa tana tafasa cikin kimanin minti 2 a Landan, a New York kuwa sai ta ci minti 4. Ruwan kofi ɗaya ba ya kai minti ɗaya a butar Ingila. Shi ya sa da wuya ka shiga gida ko ofis ko ɗakin otal ko ɗakin ɗalibi a Biritaniya ba ka ga buta ba, alhali Amurkawa injin tace gahawa suka ajiye a wurin.

Yanzu a duba abin da gahawa mai narkewa ke bukata: buta, kofi, cokali, madara, sukari. Duka biyar ɗin suna nan tun tuni domin shayi. Abin da aka ƙara shi ne kwalba ɗaya a gefen gwangwanin ganyen shayi. Uwargida mai baƙi biyar, uku na son shayi biyu na son gahawa, tafasa ɗaya za ta yi ta sallami kowa. Da gahawar dahuwa ce, sai ta sayi tukunya ta musamman, ta koyi awo, ta jira, ta kuma wanke dusa. A wurin aiki ma haka ne. Al'adar ofisoshin Ingila ita ce wanda ya tashi zai haɗa wa kansa abin sha ya tambayi abokan aikinsa, ya dawo da kofuna shida ko bakwai a faranti. Wannan zagaye ba zai yiwu cikin hutun minti 10 ba in kowane kofi sai an tace shi.

A shekarar 1955 ɗin dai, ranar 22 ga Satumba, aka buɗe tashar ITV, talabijin ta farko a ƙasar mai sa tallace-tallace a tsakiyar shiri. Ana yawan cewa hutun talla ya yi gajarta ga mai son jiƙa ganyen shayi a tukunya ya jira ya yi ƙarfi, amma ya ishi mai kaɗa gahawa a kofi, don haka ne gahawar ta samu shiga. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ko da yake bai kamata a ɗora wa minti 3 nauyin tarihin shekara 300 ba. Abin da ba a musu a kansa shi ne alaƙar talabijin da buta. Masu kula da wutar lantarki ta ƙasar sun daɗe suna bin jadawalin shirye-shirye, don sun san da zarar an tafi hutu miliyoyin mutane za su kunna buta lokaci guda. Ranar 4 ga Yulin 1990, bayan bugun fanareti tsakanin Ingila da Jamus ta Yamma a wasan kusa da na ƙarshe na cin kofin duniya, bukatar wuta ta yi tsalle da megawat 2,800 cikin ƴan mintoci.

Shi kansa shayi sai da ya bi sahu. Kamfanin Tetley ya kawo shayin ƙunshi, wato mai ƴar jakar takarda, a 1953. Da farko an raina shi, amma daga shekarun 1970 ya mamaye kasuwa, yau fiye da kashi 90 cikin 100 na shayin da ake sha a ƙasar na ƙunshi ne. Wato tukunyar shayin ma an ajiye ta, komai ya koma cikin kofi ɗaya. Wanda bai jira shayinsa na gado ba, ina zai jira gahawa?

Talla kuma ta yi nata aikin. A 1965 Nestlé ya fito da Gold Blend, wadda ake busarwa ta hanyar daskarewa, aka tallata ta a matsayin abin fita kunyar baƙo. Daga 1987 zuwa 1993 aka yi jerin tallace-tallace a talabijin kan wani namiji da wata mace maƙwabtan juna, Anthony Head da Sharon Maughan suka fito a ciki, waɗanda soyayyarsu ta fara daga aron gahawa. Mutane suka riƙa jiran kashi na gaba kamar wasan kwaikwayo, jaridu suna ba da labarinsa, har aka mayar da shi littafi. A Italiya ba za a iya sayar da gahawar kwalba da sunan ƙasaita ba, dariya za a yi. A Ingila an iya, domin ma'aunin da mai saye ke gwada ta da shi wata gahawar kwalbar ce mai arha.

Aljihu da harshe

Akwai kuma lissafin kuɗi. Kofi ɗaya na gahawa mai narkewa yana cin kimanin giram 2, don haka kwalbar giram 200 tana ba da kofi wajen 100. Gahawar dahuwa tana bukatar wajen giram 15 a babban kofi, ke nan ƙunshin giram 227 da aka saba sayarwa a kantunansu bai fi kofi 15 ba. Kwalbar tana iya yin watanni a kabad, niƙaƙƙen ƙwaya kuwa da an buɗe shi ƙamshinsa ke fara gudu. Ga gidan da shayi ne abin shan yau da kullum, gahawa kuwa sai jefi-jefi, kwalbar ce ta fi ma'ana.

Game da ɗanɗano, a tuna cewa yawancin Turawan Ingila da madara suke sha, da yawa kuma da sukari, a cikin babban kofi. Madara tana rufe ɗaci, tana kuma rufe ƙananan bambance-bambancen da mai shan baƙar gahawa ke nema. Abin da ake so shi ne abu mai zafi, mai sauƙi, da za a riƙe a hannu a yi ta kurɓa ana aiki, a kuma sake wani bayan awa biyu. Hukumar lafiya ta ƙasar tana ƙiyasta kafeyin miligiram 75 a babban kofin shayi, 100 a na gahawa mai narkewa, 140 a na gahawar da aka tace. Ke nan ta kwalbar ta fi kusa da shayi, ana iya shan ta sau huɗu a yini yadda ake shan shayi. Harshe kuwa abin da ya saba da shi tun ƙuruciya shi yake kira daidai. Akwai dattawa a Ingila da in aka ba su gahawar dahuwa mai tsada za su ce ta yi ƙarfi, su nemi irin ta gida.

Ɗalibin da ya san teburin mai shayi ba zai sha wuyar gane wannan ba. A Yamai ko Maraɗi ko Kano, mai shayi yana da babbar butarsa a kan wuta, ga madarar gwangwani, ga sukari, ga burodi. In wani ya ce a sa masa neskafe, ƙaramin ƙunshi za a yaga ko a ɗebo rabin cokali daga gwangwani, wani ma a kan shayin za a zuba masa. Ba wanda ya zauna ya zaɓi wannan gahawa a kan ta dahuwa. Ita ce dai ta dace da kayan da ke kan teburin. A Sudan kuwa, inda al'adar jabana ta kafu, ana soya ƙwayar a kan gawayi, a daka ta a turmi da citta, a dafa a ƴar tukunyar ƙasa, kuma Hausawan da ke zaune can sun san ta haka. Mutanen iri ɗaya ne, abin da suka tarar a wurin ne ya bambanta.

Gahawar waje da ta gida

Gahawar dahuwa ta dawo Biritaniya, amma ta ƙofar da ta fara shigowa, wato ta waje. Italiyawa ƴan ci-rani sun buɗe shagunan espresso a unguwar Soho ta Landan bayan yaƙi, irin su Bar Italia a 1949, matasa suka yi ta tururuwa a shekarun 1950. Wasu ƴan'uwa biyu, Sergio da Bruno Costa, sun fara soya gahawa a Landan a 1971, sunansu ne ke kan shagunan Costa da Coca-Cola ya saya a 2019. Caffè Nero ya fara a 1997, Starbucks ya shigo a 1998. Yau ba wani babban titi a ƙasar da ba shi da irin waɗannan shaguna, kuma matasa da yawa sun san bambancin ƙwayar Habasha da ta Kolombiya. Injinan gida masu amfani da ƴan ƙananan kwanson gahawa, irin na Nespresso, sun yaɗu, haka ma tulun gilashi mai matsewa da ake fitowa da shi in an yi baƙi na musamman. A wasu gidajen masu ilimin boko, miƙa wa baƙo gahawar kwalba ya zama abin da ake haɗawa da ban haƙuri.

Duk da haka kwalbar ba ta bar kabad ba. Mutum ɗaya zai sayi gahawa mai tsada a tashar jirgin ƙasa da safe, da yamma ya kaɗa ta kwalba a gida, bai ga wani saɓani ba, don a wurinsa abubuwa biyu ne masu aiki daban. Kamfanonin ma sun bi shi: Starbucks ya fito da tasa mai narkewa a 2009, wasu kuma suna gauraya garin da ɗan niƙaƙƙen ƙwaya mai laushi ƙwarai don ya yi kama da na shago. A 2020, lokacin kullen annobar korona da aka rufe shagunan, abin da ya yi tashe a intanet shi ne gahawar dalgona, wadda ake bugawa da sukari da ruwan zafi har ta yi kumfa a ɗora kan madara, kuma ba ta yiwuwa sai da mai narkewa. Masana'antar Hayes da ta fara yin Nescafé a 1939 an rufe ta a 2014, amma ba don ciniki ya mutu ba: an mayar da aikin ne zuwa masana'antar Tutbury da ke tsakiyar Ingila, wadda aka faɗaɗa domin ta ɗauke shi.